Takunkumin da Alhaji Ya Cire

Tsakanin mai jefa ƙwallo da mai dukanta ƙafa hamsin ne. Na taɓa aunawa da takuna a filin da ke bayan wata masana'antar jakunkuna a Shiling, wani gari a gefen Guangzhou ta ƙasar Sin, na samu taku ashirin ba ɗaya. Shekara ashirin da biyu na yi ina karanta labarai a gidan rediyo a Kaduna, aikin ya bar mini ɗabi'ar auna abu kafin in faɗe shi, saboda haka zan ba da wannan labarin yadda ya faru, har da nawa rabon a ciki.

Na zo Guangzhou bayan na ajiye aiki, ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta da cike takardun kwantena. A nan na san Alhaji. Bakano ne, ɗan gidan dukawa, ya ba ni shekara bakwai. Sana'arsa zaɓen fata. Masu saro jakunkuna su turo masa samfur daga Kano, shi kuma ya tafi Shiling ya tsaya a kan masu masana'anta sai sun fitar da launin daidai. Za a ajiye masa ja biyu waɗanda ni nake gani iri ɗaya, sai ya karkatar da kai ya ce wannan jan goro ne, wancan jan barkono. Karkatar da kan yana da dalili. Idonsa na dama yana da yana, komai yakan gani ta cikinsa kamar ta gilashin fitilar da hayaƙi ya ɓata, kuma likita ya ce a bari ta nuna kafin a cire. Da na hagu yake aiki. Da shi yake ci da iyalinsa.

Ni Bazazzagi ne, don haka tun ranar da muka haɗu a harabar Masallacin Huaisheng bayan sallar Juma'a ba mu taɓa yin gaisuwar mutunci ba.

"Wa ya ba bawana biza?" Abin da ya fara ce mini ke nan, da ya ji inda na fito.

Na ce, "Biyo ka na yi, Alhaji. An ce Kanawa sun zo sayar wa mutanen Sin ƙasarsu, na zo in ga ciniki."

Wasa ne da muka gada, kuma kowa ya san dokarsa. Ba a fushi, ba a kuma ba da haƙuri. Wanda ya ce wa abokin wasansa "yi haƙuri" ya nuna cewa da gaske yake maganar tun farko, ya kuma mai da ɗan'uwansa baƙo.

Mai masana'antar da Alhaji ya fi hulɗa da ita wani tsoho ne ɗan Taiwan, kowa yana ce masa Laoban, wato maigida. Kowace Lahadi da safe shi da abokansa suna buga sofbol, irin na tsofaffi, wanda ba a shiga sai an haura hamsin. A shekarar da aka yi gasar Olamfik a Beijing an tsaurara biza, baƙi da yawa suka tafi ba su dawo ba, ƙungiyar Laoban ta rasa mutane. Ya roƙi Alhaji, Alhaji kuma ya ja ni, wai ba zai je a yi masa dariya shi kaɗai ba alhali yana da bawa.

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo, wani ya dake ta da kulki ya ruga ya zagaya kusurwoyi huɗu kafin a tsinto ta. Ƙwallon ta kai girman babban lemo, taurinta kuwa na goruba ne. A talabijin a lokacin ana nuna 'yan mata suna jefa ta kamar harsashi. Namu ba haka yake ba. Ana jefa ta ne daga ƙasa, a hankali, ta yi lilo sama, dole ta wuce tsayin mutum amma kada ta kai ninki biyunsa da yawa, sannan ta sauko kan wata shimfiɗar roba da ke gefen mai duka. Tafiyarta a hankali ce. Dawowarta ce ba a hankali ba.

Ni aka sa a bayan mai duka, in riƙa tsince ƙwallon ina mayarwa, saboda gwiwata ba ta gudu. Alhaji kuwa cikin Lahadi uku ya zama mai jefawa. Ya ce ba wani sabon abu ba ne, tun yana yaro yake wurga wa magini tubali a kan katanga, kuma magini ba ya yafe wa wanda ya jefa masa a karkace. Hannunsa yana da ma'auni. Zai sauke ƙwallo a bakin shimfiɗar, ya sauke ta biyu a ƙarshenta, mai duka ya rasa inda zai tsaya.

Shi ya gano wa kansa dabarar da Laoban ya ce su sun ɗauki shekaru kafin su gane. Idan ka jefa wa mutum kusa da jikinsa, dole ya ja ƙwallon zuwa gefen da yake tsaye. Idan ka jefa masa nesa da jiki, sai ya miƙa hannu ya maido ta ta tsakiya, inda kai mai jefawa kake. Don haka Alhaji yakan ɗaga ta sama sosai, ya karkata ta ciki, kuma da ta bar hannunsa sai ya ja baya taku uku, safar fata a gaban ƙirji. Muna kuma da abin da sauran ba su da shi. Daga inda nake ina ganin ƙafafun mai duka, sai in faɗa da Hausa, da ƙarfi, ba ɓoye-ɓoye: ciki, waje, dogo, gajere. Babu wanda ke ji a filin sai mu biyu.

Cikin damina wani mai jefawa na wata ƙungiya ya rasa haƙora huɗu. Lahadi mai zuwa Laoban ya zo da abin rufe fuska, na sandunan ƙarfe da soso a goshi da haɓa, da maɗauri ta baya. Alhaji ya juya shi a hannu, ya shinshina maɗaurin, ya ce fatar ƙarya ce, ya tambaya ko akwai wani. Laoban ya ce, "Meyo, meyo." Babu. Alhaji ya cire hularsa ya miƙo mini, ya ɗaura. Ya yi ƙorafin cewa ɗaya daga cikin sandunan yana ɗan gilma masa ta idon hagu, amma ya sa, Lahadi biyu a jere, kuma jifarsa ba ta ragu ba. Wannan ina da tabbacinsa, domin ni nake tsince ta.

A Lahadi ta biyun na ɗauke shi hoto da wayata.

Bayan sallar Juma'a mukan zauna a wani shagon taliya na Musulmin Sin kusa da masallacin. Ranar teburin ya cika, akwai Kanawa, akwai mutanen Maraɗi, akwai wani daga Kumasi. Na gyara murya, na ɗauko wadda nake karanta labarai da ita.

"Jama'a, ga labaran duniya. Rahotanni daga Shiling na cewa an kama wata tsohuwar kura 'yar asalin Kano, wadda ta daɗe tana addabar masu fata. Shaidun gani da ido sun ce tuni gardawa suka ɗaura mata takunkumi, kuma ana wasa da ita duk ranar Lahadi."

Na miƙa wayar ta zaga teburin. Aka yi ta dariya, har mai shagon ya leƙo. Alhaji ma ya yi, ya ce gara kura da mai fate, kura ko ba komai tana cin nama. Zuwa nan komai yana kan ƙa'ida. Sai wani Bakano ɗan'uwansa, wanda bai kai shekarun ɗansa na fari ba, ya ce, "Alhaji, a kwance maka takunkumin ka ci taliya?"

Aka sake dariya, amma Alhaji bai yi ba. Ya dubi kwanonsa. A take na gane abin da na yi. Ni ina da izinin faɗin wannan maganar, domin tsakanina da shi ce. Wannan matashin ba shi da shi, haka sauran. Na ɗauki abin da yake namu mu biyu na raba wa teburi. Kafin mako ya zagayo, har a kasuwannin unguwar Liwan ana tambayata ina kurar Shiling.

Lahadi, muka isa fili da hantsi, cikin watan Agusta, zafin nan mai ɗanko da riga ke manne wa mutum tun kafin ya motsa. Alhaji ya rataye abin a jikin shingen waya ya shiga fili da hularsa. Laoban ya nuna masa da hannu. Alhaji ya nuna rana, ya fifita fuska, wai zafi. Laoban ya dube ni don in sa baki.

Da na je na ce masa, da muryar gaske, "Alhaji, don Allah ka sa," ina jin da ya sa. Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba, da ya ji nauyinta. Abin da na ce shi ne, "Au, yau kura ta tsinke?"

Ya ce, "Fuskar da Allah ya ba ni ta ishe ni, Malam. Je ka tsuguna inda aka ajiye ka."

Waɗanda muka buga da su ranar sun zo daga wani gari da ke kusa. A cikinsu akwai wani gajeren mutum mai furfura da kaurin wuyan hannu, da sabon kulki mai ƙara kamar an bugi kwano. Zuwansa na farko Alhaji ya jefa masa ciki, ya ja ta can gefe, mutum biyu nasu suka ƙarasa zagaye kusurwoyin suka ci maki. Zuwa na biyu haka. A na uku na lura ya janye ƙafafunsa daga shimfiɗar da kamar tafin hannu biyu. Jiran ta ciki yake. A lissafina, idan aka ba shi nesa da jiki ba zai kai gare ta ba.

Na ce, "Waje, gajere."

Alhaji ya girgiza kai.

Na ce, "Ya matsa baya, ina ganin ƙafarsa. Waje. Ko tsoro kake ji tunda babu takunkumi?"

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya gyara tsayuwa, ya jefa. Jifa ce mai kyau, daidai inda na ce. Na ga ya ja baya taku ɗaya, ya ɗaga ƙafa zai yi na biyu. Mutumin ya yi dogon taku gaba, wanda ban sa a lissafi ba, ya miƙa hannu. Na ji ƙara biyu kusan a haɗe, ta farko ta kwano, ta biyu ba ta yi kama da komai ba.

Bai faɗi ta baya ba. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa kamar mai shirin sujada, hannu ɗaya a fuska. Ina gudu da gwiwar tawa ina addu'ar ya kasance idon dama ne. Da na isa na ga hannun a hagu yake.

Direban Laoban ya kai mu asibiti. A mota Alhaji ya yi ta salati a hankali, tawul a fuskarsa, jini yana bin gwiwar hannunsa. Can ya ce, "Malam, hular tawa fa?" Tana hannuna ban sani ba. Mutumin da ya bugi ƙwallon ya biyo mu a wata motar, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin har la'asar, yana sunkuyar da kai duk lokacin da muka haɗa ido. Ban ji haushinsa ba. Ya bugi abin da aka ba shi.

Wata likita mai jin Turanci ta yi mini bayani, ni kuma aikina in mayar da Hausa. Na tsaya a gefen gadon ina neman ta inda zan fara.

Alhaji ya ce, "Karanto labaran, mai labarai. Kada ka rage."

Ban rage ba. Na gaya masa ƙashin da ke ƙarƙashin idon ya karye, jini ya taru a ciki, kuma tantanin da ke bayan idon, wanda hoto ke sauka a kansa, ya yage. Za su yi aiki gobe. Ba za a san abin da ya saura ba sai bayan makonni. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ce in kira matarsa Hajiya a Kano, shi bakinsa ya yi nauyi.

Da Hajiya ta ji, sai ta ce, "Ƙwallo, Malam? Da girmansa?" Na ce wasan tsofaffi ne. Ta ce, "To su masu wannan wasan ba sa sa wani abu a fuska?"

Na ce, "Ana sawa, Hajiya."

Ta jira in ƙara. Na yi mata sallama, na ajiye wayar.

Kwana uku bayan aikin, da rana, babu kowa a ɗakin sai mu, yana kwance rub da ciki kamar yadda likitoci suka ce, fuskarsa a cikin ramin matashi. Na ce, "Alhaji, maganar da na yi ranar Juma'a, da wadda na yi a fili…"

"Wace magana?" Muryar ta fito daga ƙarƙashin gado. "Yaushe Bazazzagi ya fara magana har a riƙe?"

"Da gaske nake."

"Na ji da gaske kake. Idan ka ƙarasa, ka ɗauki takalminka, kada ka sake zuwa. Idan kuma fate ka kawo mini, mayar da abinka."

Na zauna. Na ɓare masa lemo, na riƙa miƙa masa ta ƙasa.

Azumi ya kama kafin a gama cire masa bandeji. Idon yana nan, ba a cire ba, daga nesa ma ba za ka ce wani abu ya same shi ba. Yana ganin haske da inuwa. Ya ce ƙofar ɗaki yakan gan ta a lanƙwashe kamar an jiƙa kwali. Likitar ta ce wataƙila ya ƙaru kaɗan, ta maimaita kalmar kaɗan.

A tsakiyar azumin ya ce in raka shi Shiling. Wata mai shago a Kano ta turo samfurin jaka ruwan ƙasa, tana son irinta kafin Sallah ta wuce da nisa. Shugaban ma'aikata ya shimfiɗa fatu uku a kan tebur kusa da taga, ya ajiye samfurin a gefe. Laoban yana tsaye. Alhaji ya karkatar da kai yadda ya saba, ya tsaya, sannan a hankali ya karkatar ɗaya gefen. Ya shafa kowace da yatsa, ya shinshina. Ya daɗe. Ya ɗora hannu a kan ta ƙarshe.

Ko ni na ga ba ita ba ce, ta fi samfurin duhu ƙwarai. Shugaban ma'aikatan ya dubi Laoban, Laoban ya dubi taga. Shekara da shekaru Alhaji yana mayar musu da kaya a kan bambancin da bai kai rabin wannan ba, kuma babu wanda ya iya buɗe baki.

Na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ta tsakiya."

Hannunsa ya tsaya inda yake. Na ƙirga numfashina uku. Sannan ya ɗaga shi ya mayar kan ta tsakiyar, ya buga sau biyu, ya ce wa Laoban wannan. Gaskiyar ita ce ban san ko ta tsakiyar ce daidai ba. Na dai san wadda ya zaɓa ba ita ba ce.

Muka kamo hanyar gida a mota, muka wuce gonakin ayaba. Muna azumi, babu abin da za a sa a baki. Can ya ce, yana kallon gabansa, "Ashe yanzu kai za ka riƙa gaya mini launi."

Na ce, "Na yau kawai, Alhaji."

Ya ce, "Ranar nan ma kai ka gaya mini."

Sau ɗaya ke nan ya taɓa maganar, kuma har yau ban san ko cikin wasa ya sa ta ba.

Bayan ƙaramar Sallah ya koma Kano don a cire masa yanar idon dama. Laoban ya nemi in karɓi jifa, na ce gwiwata. Lahadin ƙarshe da na je filin, sabon mai jefawar yana sanye da abin, wannan dai mai maɗaurin fatar ƙarya, babu kuma wanda ya ce masa komai.

Aikin Kano ya yi kyau. Alhaji yana karatun Alƙur'ani, yana gane mutane daga nesa, yana zuwa masallaci shi kaɗai. Amma ya ce tun da aka buɗe idon komai yana ɗan yi masa shuɗi-shuɗi, kuma ba zai sa hannu a kan kayan mutane da idon da bai yarda da shi ba. Bai dawo Guangzhou ba. Masu turo masa samfur suka koma wajen wani.

Duk Sallah shi yake fara kira. Yakan ce, "Bawan nan yana nan, ko mutanen Sin sun gaji sun koro shi?" Maganar da ban ƙarasa ba a asibiti takan zo mini baki a daidai nan. Sai in ce masa ina nan, ina gadin abin da Kanawa suka manta ba su sayar ba. Ya yi dariya, mu gaisa da iyali, ya ce a gaida Laoban, mu ajiye waya.